Daji a Adabinmu: Gidan Dodo ko Makarantar Sanin Allah?

Tun da na fara nazarin littattafan zube na Hausa akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda marubutanmu suka ɗauki daji. Duba Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Da tauraron labari ya bar gari, to sai gamo da aljanu, ko abokan gaba, ko wata masifa. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya dubi itace ya tuna da wanda ya tsirar da shi. Wannan kuwa gado ne daga tatsuniya, inda bayan ganuwa sai Dodo da kura.

Abin da ya farkar da ni shi ne littafin Larabci mai suna Hayyu bin Yaƙzan, na Ibn Ɗufail, malamin Andalus da ya rasu a 1185. Labarin yaro ne da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Da ta mutu sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi, ya tarar da wani gurbi a zuciyarta wayam. Nan ya gane ba naman yake ƙauna ba, wani abu ne da ya riga ya fita. Daga nan ya yi ta lura da wuta da tsirrai da tafiyar taurari, har ya sakankance akwai Mahalicci guda, ba allo ba malami.

Amma fa ina da ja da marubucin. A ƙarshe Hayyu ya je wa mutanen wani tsibiri da abin da ya gano, ba su fahimce shi ba, ya koma kaɗaicinsa shi da abokinsa Absal. Ke nan kusantar Allah ta hanyar halittunsa sai 'yan ƙalilan? Ni dai hutun daminar bara na ga akasin haka a gonarmu. Ƙasar da na bari a tsattsage ta yi kore shar. Mahaifina, wanda bai taɓa jin sunan Ibn Ɗufail ba, ya jingine fartanya ya daɗe yana kallon gero yana tasbihi. Ai Alƙur'ani ya sha buga misalin tashin ƙiyama da matacciyar ƙasa da ruwa ya raya.

Mawaƙanmu sun ɗan fi kusa da wannan, kamar Na'ibi Wali a Waƙar Damina. Saura masu zube. 'Yan'uwa ɗalibai masu sha'awar rubutu, in kun fitar da tauraronku bayan gari, ku bar shi ya zauna gindin tsamiya ya yi tunani kafin ku turo masa aljani. Allah ya sa mu dace.