Jinjina ga Masu Tada Tsoffin Motoci a Garejin Gida

A unguwannin bayan birnin Detroit da garuruwan jihar Ohio, akwai mutanen da in sun tashi daga aiki ba sa zarcewa falo. Gareji suke shiga, su kunna fitila, su durƙusa gaban wata tsohuwar Pontiac GTO ta 1964 ko Dodge Charger ta 1969 da tsatsa ta cinye. Su nake yi wa jinjina.

Motocin nan 'ya'yan zamanin arhar fetur ne, masu injin silinda takwas, har Chevelle SS ta 1970 ta kai ƙarfin doki 450. Dokokin hayaƙi, tsadar inshora da takunkumin man Larabawa na 1973 suka rufe babinsu. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara kuwa ya ci ƙasan bodinsu.

Nan aikin yake. Mutum zai yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya yi walda da sabo, ya goge, ya sake gogewa, wata shida bai ko taɓa injin ba. Kowane noti yana cikin ledarsa da suna a rubuce. Ya kwance kafireta ya wanke ta ƙwaya-ƙwaya, ya bi lambar injin don tabbatar da cewa shi ne wanda motar ta fito da shi daga masana'anta. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni, fiye da fentin.

A watan Agusta sai ka gan su a titin Woodward da ke yankin Detroit, jika a kujerar baya, injin yana gurnani.