Ƙugiyar da ke tsare ƙofar tarihin manhaja

A ce matasa uku ƴan Adar sun haɗa kai za su rubuta manhajar lissafin kantin magani: ɗaya yana gida Kalfu, ɗaya yana karatu a jami'ar Tawa, na ukun ya tafi cin rani Abijan. Abin da zai haɗa aikinsu shi ne Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a watan Afrilun 2005 don kula da sauye-sauyen Linux, kuma Junio Hamano ne ke riƙe da ragamar Git tun a wannan shekarar. Duk wanda ya gyara wani abu ya zo adanawa, Git zai nemi ya rubuta ɗan bayani: me ka canja, kuma don me? Adanawar ita ake kira komit, bayanin kuma saƙon komit.

A nan ake gane malalaci. Yau ya rubuta "gyara", gobe "gyara kuma", jibi ya danna haruffa uku ya wuce. Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, a buɗe tarihi a tarar ba a san inda ɓarna ta shigo ba. Gwani kuwa ba ya ɓata bakinsa da faɗa kullum. Ƙugiya yake ɗanawa, wato ƴar manhaja mai layuka kaɗan da Git ke tayarwa da kansa kafin ya karɓi saƙo, kamar yadda buhun albasa ba ya hawa motar Abijan sai an ga alamar mai shi a jiki.

Ga yadda yake yi. A cikin kowane aiki akwai ɓoyayyiyar jaka mai suna .git, a cikinta kuma akwai wata, hooks, wato ƙugiyoyi. Git ya riga ya zuba samfura a ciki, kowanne da wutsiyar .sample, kuma ba sa motsi sai an cire wutsiyar. Gwani zai buɗe fayil ya raɗa masa suna commit-msg, ba ƙari ba ragi, sannan ya ba shi izinin aiki da umarnin chmod +x. Wanda ya manta wannan izini, Git zai tsallake ƙugiyarsa ya wuce. Da zarar mutum ya gama rubuta saƙo, sai Git ya ajiye shi a fayil ɗin COMMIT_EDITMSG ya nuna wa ƙugiya inda yake. Ita kuma ta karanta ta mayar da lamba ɗaya tak: 0 na nufin a wuce, duk wata lamba na nufin a tsaya. Iyakar maganar da ke tsakaninsu ke nan.

Abin da za ta duba, nan hikimar take. Layin farko kada ya zarce haruffa 50, wasu na sassautawa zuwa 72, saboda shi kaɗai ke fitowa idan ana duba tarihi a taƙaice. Layi na biyu a bar shi fanko, don da wannan gurbin Git ke raba kan magana da jikinta. Masu bin tsarin Conventional Commits suna so a fara da feat idan sabon abu ne, fix idan gyaran kuskure ne. Masu aikin Linux tun 2004 suke neman layin Signed-off-by, inda mai gyara ke sa sunansa ya ɗauki alhaki. Gwani kuma ya san Git na cusa layukan jagora masu farawa da alamar # a cikin fayil ɗin, sai ya tace su kafin awo.

Sai wani tarko da ya shafe mu kai tsaye. A tsarin UTF-8, harafin a ko k bayit ɗaya yake ci, amma ƙ, ɗ, ɓ, ƴ da é na Faransanci bayit bibbiyu suke ci. Kalmar "ɗaiɗaiku" haruffa 8 ce, bayit 10. In mai ƙugiya ya auna da umarnin wc -c, bayit yake ƙirgawa, zai kori saƙon Bahaushe alhali bai wuce iyaka ba. Da wc -m ake ƙirga haruffa. Ni a wurina, a irin wannan ɗan bambanci ake gane wanda ya san hannunsa.

In ƙugiya ta ƙi saƙo, ya kamata ta faɗi dalili da ladabi, ta kawo misalin daidai, ta tuna wa mutum cewa rubutunsa na nan a COMMIT_EDITMSG bai ɓata ba. Duk wannan a cikin kwamfutarsa yake gudana, don haka na Kalfu ba ya jiran intanet.

Ƙugiya dai ba ta bin aiki idan aboki ya kwafe shi. Tun fitowar Git 2.9 a 2016 ana iya ajiye ta a jakar da kowa ke samu, a nuna wa Git wurin da core.hooksPath. Mai gaggawa kuma yana iya kauce mata da --no-verify, shi ya sa ake ɗana ta biyu, pre-receive, a kan sabar da kowa ke tura aikinsa.

Malaman da ke koyar da ɗalibai Git a Tawa da Maraɗi, don Allah ku sa kowane ɗalibi ya rubuta tasa ƙugiyar da hannunsa tun makon farko, kuma ku sa ya gwada ta da saƙon Hausa.