Ganuwa Ba Katanga Ba Ce: Tsokaci Kan Wata Fassara

Wanda duk ya tsaya a Tukur-Tukur ya dubi ragowar ginin da ya kewaye Birnin Zariya, zai ji dattawa suna ce masa ganuwa. Amma wasu mafassara sun koma rubuta "katangar birni", su kuwa ɗalibai suna kwaikwayo. A ganinmu wannan kuskure ne, domin Bahaushe yana raba waɗannan kalmomi ne bisa ga abin da ake son tarewa. Ganuwa maƙiyi take tarewa, shi ya sa a zamanin da ake haƙa rami a bayanta, a kuma naɗa mata sarkin ƙofa mai rufe ƙyaure da almuru. Katanga da danga sirrin gida suke rufewa. Shinge kuwa dabba yake hana wa gona. Saboda haka "katangar Berlin", wadda aka rusa a 1989, ta yi rauni, tun da ba gida ta kewaye ba. Ya kamata malamai su koma ga ƙamusun Bargery na 1934, su kuma tuntuɓi dattawa. In kalmomin suka cakuɗe, ɗalibi ba zai gane dalilin kirarin sarki da "ganuwa" ba.