Fim ɗin The Exorcist da Masu Sharhinsa: Duba Daga Ƙasar Hausa

Manufar wannan takarda ita ce a waiwayi irin karɓar da masu sharhi suka yi wa fim ɗin The Exorcist, sa'an nan a auna ta da ma'aunin mai kallo Bahaushe.

William Friedkin ne ya shirya fim ɗin daga littafin William Peter Blatty na 1971, aka fara nuna shi a Amurka ranar 26 ga Disamba, 1973. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara 12, mai suna Regan, wadda shaiɗani ya shiga jikinta. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu suka gaza, daga bisani aka kira limaman Katolika biyu.

Kan masu sharhi ya rabu. Roger Ebert ya yaba masa matuƙa. Pauline Kael ta mujallar The New Yorker da Vincent Canby na jaridar New York Times kuwa suka kushe shi, suna ganin an fake da addini ne ana sayar da ƙazanta da firgici. Duk da haka an sa shi takarar kyautar Oscar a fannoni 10, ya ci 2. A Ingila sai da aka kai 1999 kafin a sake halatta sayar da kasat ɗinsa.

A ganinmu, gindin wannan gardama shi ne tambaya guda: shin ana iya shiga jikin mutum? Rabin fim ɗin an ɓatar da shi ne wajen lallashin mai kallo ya yarda. To, Bahaushe ba ya bukatar wannan lallashi. Tun tale-tale ya san iskoki da bori da girka, Alƙur'ani kuma ya tabbatar masa da samuwar aljannu, har da cewa a cikinsu akwai muminai. Saboda haka doguwar zirga-zirgar asibiti, wadda ita ce zuciyar labarin ga Bature, ga namu mai kallo jan rai ce kawai; tun da wuri zai ce a nemo malami. Abin da zai ba shi mamaki shi ne rashin ciniki da baƙon. A bori ana sasantawa da iska, a san sunanta da abin da take so, a zauna tare. Korar da limaman nan suka yi ta fi kusa da ruƙiyya, wadda ta yi ƙarfi a nan Kano bayan 1995, lokacin da aka yi ta zancen aljana Sumbuka a makarantun 'yan mata.

Akwai kuma wurin da hankalin waɗancan masu sharhi bai tsaya sosai ba, alhali kunnen Musulmi ba zai wuce shi ba. Fim ɗin ya buɗe ne da kiran salla, a kangon Hatra da ke arewacin Iraƙi, inda aka tono gunkin Pazuzu. Shi Pazuzu abin tsoron Assuriyawa da Babilawa ne, ya riga Musulunci da shekaru fiye da 1,000. Amma da aka jera muryar ladan da fitowar mugun abu, sai kalmar da ake korar shaiɗan da ita a gidajenmu ta koma sallamar shigowarsa gidan Regan a Washington.