Hannun da Ya San Inda Zai Tsaya: Kiɗa da Zanen Charlie Watts

A ƙasar Kurfai, a Filinge da ƙauyukan da ke kwarin Dallol Boso, idan aka kafa wasan bori mai goge ake kira da suna. Masu ƙwarya suna zaune a ƙasa, kai a sunkuye, su ne ke riƙe da taron, amma da wuya a watse da sunan ɗayansu a baki. Haka ma makaɗan kalangun Mamman Shata: duniya ta haddace waƙoƙin, ta manta da hannuwan da suka ɗauke su. Wanda ya san wannan ba zai sha wuyar gane Charlie Watts ba, makaɗin ƙungiyar Rolling Stones ta Ingila, wanda ya zauna a bayan Mick Jagger shekara 58, daga 1963 har rasuwarsa a Landan ranar 24 ga Agusta 2021.

Ba da ganga ya fara neman abinci ba. An haife shi a 1941, ɗan direban babbar mota, ya yi makarantar koyon zane ta Harrow, sannan ya kama aiki a kamfanin talla yana tsara haruffa da hotuna. Sana'a ce ta awo, wadda rabinta sanin yawan farin takardar da za a bari ne.

Abin da ya fito fili daga zanensa kaɗan ne. Akwai ɗan littafin Ode to a High Flying Bird, inda ya zana Charlie Parker, gwanin busa na kiɗan jaz da ya rasu a 1955 yana da shekara 34, a siffar tsuntsu. Akwai zanen barkwanci a bayan murfin faifan Between the Buttons na 1967, da kuma hannun da ya sa wajen tsara dandamalin wasanninsu, kamar na 1975 mai siffar furen bado. Gaskiya ɗaya ce: waɗannan ba manyan ayyuka ba ne. Layukansa sirara ne, masu kunya, kamar na yaro mai natsuwa, kuma masu kambama su sunan mai su suke yabo. Da wani ma'aikacin talla da ba a sani ba ne ya zana tsuntsun nan, da tuni kura ta binne shi.

Darajarsu a wani wuri take, wato su ne mabuɗin kiɗansa. Tun ƙarshen shekarun 1960 ya ɗauki al'adar zana kowane gadon otal da ya kwana a kai yayin yawon wasa. Mutumin da dubban jama'a suka gama yi wa ihu, ya koma ɗaki ya zauna yana zana matashi da zanen gado, yau a wannan birni, gobe a wancan. Gado dai gado ne. Abin da ke sauyawa ɗan kaɗan ne, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin yake farauta. To, haka kiɗansa yake. A saurari Get Off of My Cloud ta 1965: salo guda yake maimaitawa daga farko har ƙarshe, bai gaji ba, bai ƙawata ba, waƙar kuwa a kansa take tsaye.

Akwai kuma wata ɗabi'a da makaɗa suka daɗe suna nazari. Yawancin makaɗan rok hannunsu na dama ba ya daina bugun tagwayen faifan tagullar da ke gefe. Shi kuwa Watts, duk lokacin da hannun hagu zai sauka a kan ƙaramar gangar tsakiya, sai ya ɗage na daman, ya bar gurbi, bugun ya fito shi kaɗai, tas. Farin takardar nan ne ya dawo cikin sauti. Ba za a ce makarantar zane ce kaɗai ta ba shi wannan ba, domin kunnensa a jaz ya girma. Amma ido da kunnen ɗabi'arsu ɗaya.

Wannan hanya tana da tsadarta. Abokinsa Ginger Baker, wanda ya zauna a Legas a shekarun 1970 ya kuma yi faifai da Fela Kuti a 1971, yakan karɓe fili shi kaɗai na tsawon mintoci, kuma ya buɗe wa ganga ƙofofin da Watts bai ko ƙwanƙwasa ba. Watts ya ƙi kiɗan kaɗaici, ya riƙe ƴar ƙaramar gangarsa ta Gretsch a gaban filayen ƙwallo cike da mutane. Mai neman a girgiza shi zai same shi da rowa. Sai dai mai ƙwarya a Filinge zai gane lissafin: in ya fara nuna bajinta, mai goge ya ɓace, mai rawa ya rasa inda zai sa ƙafa.

Littattafan da ya cika da gadaje kuwa bai kai su kasuwa ba, ko da yake sunansa kaɗai ya isa ya sayar da su.