Majigin "Duniyar Shiru" a Ajin Sakandare: Amfaninsa da Aibinsa

Cikin darussan ilmin halitta da ake son yaran sakandare su sani kafin jarrabawar fita, akwai na teku da mazaunanta. Malamin da ke koyar da wannan darasi a Katsina ko Maraɗi yana cikin wani hali wanda takwaransa na Ikko ko Kwatano bai sani ba, gama galibin yaran da ke gabansa ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu faɗi ba, sau da yawa ma shi kansa malamin a littafi ya san teku. Saboda haka in ya sami majigin da ke nuna ƙarƙashin ruwa sai ya ji kamar an sauke masa kaya, ya ce gani ya kori ji. Nufinmu a nan mu duba ko wannan amana da ake ba majigi ta dace, mu kuwa yi dubawar ta kan wanda ya zama uban irin waɗannan majigai duka.

Sunansa da Faransanci Le Monde du silence, watau Duniyar Shiru. Jak Kusto, wanda a rubutun ƙasarsu ake rubuta sunansa Cousteau, shi ya shirya shi tare da wani saurayi Louis Malle, aka fara nuna shi a 1956. A shekarar nan ya ci babbar kyautar bikin majigai na birnin Kan a Faransa, a 1957 kuma ya ci ta Oska a Amurka. An ɗauki hotunansa cikin tafiye-tafiyen jirgin ruwan Kusto mai suna Kalifso a Bahar Rum, da Bahar Maliya, da Tekun Fasha, da Tekun Indiya. Ko da yake ya tsufa, yawancin majigan teku da malamai ke samu ta intanet a yau tafarkinsa suka bi, sai dai su sun iya ɓoye aibinsu, shi kuwa nasa a fili yake. Wannan ya sa ya fi su kyau ga mai son koyon sharhi.

Mu fara da abin yabo, don yana da yawa. Kafin 1943, wanda zai daɗe a ƙarƙashin ruwa sai ya sa kwalkwalin ƙarfe da takalma masu nauyi, ana hura masa iska ta mesa daga jirgi, yana tafe kamar ɗaurarren sa. A shekarar nan ne Kusto da wani injiniya Emile Gagnan suka ƙera na'urar da ke ba mai nutso iska daga tulun da ya goya, daidai gwargwadon nauyin ruwan da ke kansa. Majigin ya nuna tsohuwar hanya da sabuwa, yaro kuwa da ya gani zai gane bambancin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka nan wurin da suka shiga wani jirgin kaya na Ingila mai suna Thistlegorm, wanda jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a 1941, ya isa ya nuna yadda halittun ruwa ke mai da ƙarfe gidansu cikin 'yan shekaru.

Akwai kuma darussa biyu na kimiyya da majigin ya shimfiɗa wa malami, in ya iya ɗauka. Na fari shi ne na launi. Ruwa yakan shanye jan haske tun a 'yan mitoci na sama, ya bar shuɗi ya zarce, shi ya sa kome a can ƙasa yake bayyana shuɗi-shuɗi, sai masu nutso sun haska fitila a ga ashe dutsen ja ne da rawaya. Na biyu shi ne na nauyin ruwa. Kowace mita 10 da mutum ya nutsa, ana ƙara masa nauyi daidai da na dukan iskar da ke bisa kanmu a tudu, har in ya kai mita 30 nauyin ya zama riɓi huɗu. Cikin wannan matsi iskar naitarojin takan narke cikin jininsa, in kuwa ya taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jiki, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an buɗe ta farat ɗaya. An nuna wani daga cikinsu da wannan ciwo ya kama, aka kulle shi cikin wata tukunyar ƙarfe don a rage masa matsin sannu a hankali. Malami na iya bin wannan da gwaji mai araha, ya huda gwangwani wuri uku daga sama zuwa ƙasa, ya cika shi da ruwa, yara su ga ƙofar ƙasa ce ta fi feso ruwa da ƙarfi.

To, sai aibi. Na farkonsu yana cikin sunan majigin kansa, domin teku ba shiru take ba. Sauti yana gudu cikin ruwa kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da riɓi huɗu na gudunsa cikin iska, yana kuma kai wa nesa ƙwarai. Akwai wani ƙaramin jatan lande mai ƙyasta hannunsa, wanda in sun taru ƙararsu kamar ta mai a kasko, kifaye da dama kuma suna gurnani. A 1971 Roger Payne da Scott McVay suka bayyana cewa wani jinsin manyan dabbobin teku yana rera kuka mai tsari, yana maimaita shi kamar waƙa. Kunnen ɗan Adam ne bai dace da ruwa ba, Kusto kuwa ya cike gurbin da kiɗa da muryar mai ba da labari. Ashe a nan gani ya kori ji da gaske, ya kuwa kore shi inda ake bukatarsa, tun da yake mazaunan zurfi da ji suka fi dogara.

Aibi na biyu shi ne na gwargwado. Duk abin da aka nuna yana cikin ruwan da rana ke kai wa ne, gama mai nutso da tulun iska ba ya wuce 'yan gomiyoyin mitoci lafiya. Abokin aikinsu Maurice Fargues ya rasu a 1947 bayan ya kai mita 120. Alhali kuwa matsakaicin zurfin teku wajen mita 3,700 ne, hasken da tsiro zai rayu da shi yakan ƙare a wajen mita 200, bayan mita 1,000 kuwa sai duhu da sanyi. Yaron da ya kalli majigin ba tare da an faɗa masa wannan ba zai tashi da zaton teku lambu ce mai furanni, ga shi kuwa ta rufe kusan kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, mafi yawanta kuma duhu ne. Wajibi ne malami ya ƙara da abin da ya faru daga baya: cewa ranar 23 ga Janairu 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka cikin jirgin nutso mai suna Trieste zuwa wuri mafi zurfi da aka sani, kimanin mita 10,900 a Tekun Pasifik, da kuma cewa a 1977 aka iske maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku kusa da tsibiran Galafagos, inda tsutsotsi da kumba ke rayuwa a kan ƙwayoyin halitta masu samun abinci daga sinadarin ruwan, ba tare da hasken rana ba. Har wa yau majigin bai kula da ƙananan tsirrai masu yawo a saman ruwa ba, waɗanda ido ba ya gani, alhali su ne tushen abincin kusan kowa a teku, su ne kuma ke samar da wajen rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa kowace shekara. Mai ɗaukar hoto abin da ke cika ido yake bi, ilmin halitta kuwa sau da yawa a wurin ƙananan abubuwa yake.

Aibi na uku ya fi sauran nauyi, don ya shafi tarbiyya. Cikin majigin an sa nakiya a wani tsaunin murjani, kifaye suka taso matattu, aka ce ta haka ne kawai za a iya ƙidaya su. An nuna jirgin ya kutsa cikin garken manyan dabbobin nan da ake samun turaren ambar daga cikinsu, farfelarsa ta sare wani ɗan ƙarami, aka harbe shi don a hutar da shi. Da kifayen shak suka taru kan gawar, sai ma'aikatan jirgin suka riƙa janyo su suna sara da gatari, wai ramuwa suke yi, ko da yake shak abincinsa ya zo ci, jirgin ne ya yi ɓarnar. An kuma nuna su suna hawan manyan kunkuru kamar jakuna. Duk wannan an gabatar da shi da fara'a, a matsayin jarumtakar masu bincike. Adalci ya sa mu faɗi cewa Kusto ya sake hali: a 1960 ya tsaya tsayin daka a kan kada a zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, a 1973 ya kafa ƙungiyar kare teku, a kan wannan aiki kuma ya rasu a 1997. Amma yaron da ke kallo bai san wannan ba sai an gaya masa.

Wani zai ce a yanke waɗannan wurare kafin a nuna wa yara. Mu ba mu ga haka ba. Yaron sakandare ya isa a ɗora masa tambaya, kuma ba abin da zai koya masa ma'anar bincike kamar a tsai da majigin bayan fashewar nakiyar a ce masa: ka ƙidaya kifayen, to me ya rage maka da za ka ƙidaya baɗi? Wace hanya za ka bi ka san yawansu su kuma tsira? Daga nan sai a shiga maganar ƙidaya ta samfuri, a kuma waiwayi kamun kifi da guba a namu koguna, da hikimar da ke cikin al'adar masuntan Kabi ta hana su a wasu guraben ruwa sai lokacinsa ya yi. In an yanke wurin, an yanke darasin ke nan.

Saura magana ɗaya wadda ta fi shafar mu masu nazarin Hausa. Majigin yana sa yaro ya ɗauka teku abin Turawa ce, a can wata uwa duniya. Maganin wannan yana cikin harshenmu da ƙasarmu. Kalmar kifi ta yi wa darasin nan yawa, don mukan jibga mata duk abin da ke iyo, har da dabbar ambar wadda ke shaƙar iska da huhu, tana haihuwa tana ba da mama. Amma masuntan Kwara da Binuwai sun san ayu, shi ma haka yake, da shi kuwa ya kamata a buɗe bayanin. Murjanin da mata ke ɗaurawa a wuya ƙashin wata ƙaramar dabbar teku ne. Wurin da aka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, wanda Barth ya iske a Kano a 1851, ƙwanson wata halitta ce da aka fi kwasowa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya. Bahar Maliya da Kalifso ya ratsa ita ce alhazanmu na ƙafa suka riƙa ƙetarewa daga Suwakin zuwa Jidda. Abin da ya fi waɗannan duka, ƙasar Sakkwato kanta ta taɓa zama ƙarƙashin teku. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina a ƙasan teku ya taru fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce, ana kuwa samun ƙwanson halittun ruwa a cikinsa. A wannan yanki aka haƙo ƙasusuwan wani katafaren ƙadangaren teku da aka fara bayyanawa a 1930, aka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Malami na iya ƙarawa da taswira, yara su bi ruwan Gulbin Rima har ya shiga Kwara ya faɗa Tekun Atlantika, su ga kuma na Kogin Haɗeja Tafkin Cadi ya nufa, ba ya zuwa teku. Can inda Kwara ta ƙare, laka da ruwan daɗi sun hana tsaunukan murjani irin na majigin yaɗuwa, dazuzzukan fadamar gishiri ne suka rufe gaɓar, su ya kamata yaron Nijeriya ya fara sani.

Hukuncinmu dai shi ne Duniyar Shiru ya cancanci shiga aji, amma a matsayin abin da za a yi wa sharhi, kamar yadda ake yi wa littafin adabi. Shawararmu ga malaman kwalejojin horo ita ce su koya wa ɗalibansu raba shi kashi-kashi, kowane kashi da tambayarsa a allo tun kafin a kunna, su kuma zo aji da wuri, da tsakiyar murjani, da gutsuren dutsen Kalambaina in ya samu, a zagaya da su hannu-hannu. In an gama, a sa kowane yaro ya rubuta da Hausa abu uku da majigin ya nuna, da abu uku da ya bari bai nuna ba. Daga amsar kashi na biyu malami zai san ko darasinsa ya shiga.