Jinjina ga Masu Bargon Ƙyalle na Kudancin Ƙasar Amurka

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, matan karkara a jihohi irin su Alabama ba sa zubar da ƙyalle, ko da faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Sai su tara su ɗinka bargo.

Gwanintar kuwa tana can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Siraran ƙyallaye ba sa tsayuwa su kaɗai, miƙewa suke yi su karkace, don haka sai an shimfiɗa wani abu an ɗinka su a kai. Wadda ba ta da hali takan yanka tsohuwar jarida. In ta gama ta yage takardar, shi ya sa take matse ɗinkin, ramukan allura su sauƙaƙa yagewa. Wasu ma ba sa yagewa, har yau masana kan gane shekarun bargo daga kwanan watan jaridar da ke ciki. Mai ɗan hali kuma takan sa akoko, tsohon zanen gado ko buhun fulawa na yadi. Wannan a ciki yake zama, bargon ya yi nauyi da ƙarko, amma dole a wanke shi tukuna, in ba haka ba ya tsuke ya tamuke aikin.

Ni dai na fi jinjina wa mai jarida, don daga shara ta fitar da mayafi.

A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauye a Alabama, a jikin kan sarki.